Gyaran Fatar Ido: A Auna Kafin A Yanka

Yau zan yi muku bayani a kan aikin da likitoci ke yi wa fatar ido, ta sama da ta ƙasa, watau marfin nan da Allah ya yi wa ƙwayar ido don ya tsare ta daga ƙura da bushewa.

Idan shekaru suka ja, fatar nan takan saki. Ta sama ta zubo, har wani lokaci ta tare gani. Ta ƙasa kuwa ta kumbura kamar 'yar jaka, domin kitsen da ke kewaye da ƙwayar ido ya turo gaba. Waɗansu sukan nemi gyara don su gani sosai, waɗansu don kyaun fuska. Aikin ya daɗe a hannun likitoci, gama tun 1818 wani likita Bajamushe, von Graefe, ya raɗa masa sunan da suke kiransa da shi har yau.

To, ku sani rabin aikin nan a shiri yake. Likita yakan fara gwada ganin mutum da yawan hawayensa, domin mai busasshen ido aikin yana iya ƙara masa wahala. Yakan tambayi labarin hawan jini, da ciwon sukari, da magunguna masu hana jini daskarewa, irin su asfirin. Yakan kuma duba ko gira ce ta sauko, ko kuwa naman da ke ɗaga fatar ne ya yi rauni, gama kowanne da irin gyaransa.

Sa'an nan a zana inda za a yanka da alƙalami, tun kafin allurar kashe zafi ta kumbura wurin. A fatar sama akan bi layin nan da take naɗewa, don tabo ya ɓuya a ciki. Ƙa'ida ita ce a bar fata kimanin milimita 20 tsakanin gira da gashin ido. In aka yanke fiye da kima, ido ba zai rufu ba ko da barci, ya bushe, ya yi gyambo. Abin da aka rage ana iya ƙara ragewa, amma wanda aka yanke mayar da shi aiki ne ja.

A fatar ƙasa hanya biyu ce. Ko dai a tsaga dab da gindin gashin ido, in akwai fatar da za a rage, ko kuwa a shiga ta ciki, a rage kitsen ko a shimfiɗa shi, ba tabo a waje. In fatar ta saki ƙwarai akan ɗaure ta a gefen ido, don kada ta juye waje.

Zare yakan fita cikin mako guda, kumburi kuwa ya lafa cikin mako biyu. Amma in bayan aiki ido ya yi zafi mai tsanani farat ɗaya, ya turo, gani ya dushe, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Alama ce jini na taruwa a bayan ido, jinkiri kuwa yana iya jawo makanta.

Akwai kuma wani aikin fatar ido da ya fi shafarmu a ƙasar Hausa. Ciwon nan da likitoci ke kira tirakoma, wanda ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗawa, in ya yi ta maimaituwa yakan sa fatar sama ta lanƙwashe ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido har ya kashe ta. Tsige gashin sauƙi ne na ɗan lokaci, domin zai sake tsirowa. Maganinsa ƙaramin aiki ne da ke juyo bakin fatar waje. Da irin wannan aiki, da magani, da wanke fuska, da tsabtar gari, Gana ta kai ga shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 cewa ciwon ya daina zama barazana ga jama'arta.

Saboda haka, ko don ado ko don gani, kada ku miƙa idonku ga wanzami ko wani mai asibitin ɗaki. Ku nemi likitan ido, ku tambaye shi abin da zai yi da abin da ka iya biyo baya. Allah ya ba mu lafiya, amin. Wassalam.