Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Inuwar Makarantunmu



Mun saba taruwa a wannan zaure a kan albashi, ƙarin girma, kuɗin hutu da fansho, kuma haƙƙinmu ne mu yi hakan. Yau an ba mu dama mu yi magana a kan wani abu daban, wato kuɗin da ya kamata ƙaramar hukuma ta riƙa warewa domin ayyukan da jama'a ke yi da hannunsu don kare kansu daga sauyin yanayi: dashen itatuwa, yasar magudanan ruwa da tare zaizayar ƙasa. Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa ya yi tsaki. Lalitar da za a zaro wannan kuɗi daga cikinta ita ce wadda albashinmu ke fitowa, sannan duk ɓarnar da yanayi ya yi, a makaranta take fara sauka.

Babu wanda ya kai malamin firamare sanin haka. Mu ne muke tsaye a gaban yara a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano ba silin, da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi sai aji ya zama tanda, yaro ya kifa kai a kan benci, darasin lissafi ya bi iska. Mu ne muke zuwa da safe bayan guguwar farkon damina mu tarar rufin aji yana kwance a gonar maƙwabta, a haɗe aji biyu wuri ɗaya har zango ya ƙare. Idan ruwa ya ci gari kuwa, ba a tambayar inda za a kai mutane, makaranta ake buɗewa. Haka aka yi a kwarin Haɗejiya a ambaliyar 2022, haka aka yi a Maiduguri bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Ba mu ƙi a fake a ajinmu ba, domin waɗanda ke fakewar iyayen ɗalibanmu ne. Amma duk makon da aji ya yi yana ɗakin kwana, makon karatu ne da ba ya dawowa.

Sai dai akwai abin da ke sa mu ɗari-ɗari, kuma gara mu faɗe shi a fili. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. Jama'a da dama sun yi murna, mu kuwa gabanmu ya faɗi. Iyayenmu da ke zaune a layin gaba sun san dalili. A 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta damƙa albashin malamai a hannun ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba ko sisi, har sai da aka maido da hukumar a 1993. Ba ma sai mun je nesa ba: a 2025 malaman firamare na Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin sun gaza biyansu sabon mafi ƙarancin albashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa ƙungiyarmu ta tsaya a kan cewa a cire albashin malamai tun daga tushe, kafin a taɓa komai, kuma muna nan a kan wannan matsayi.

To amma tsoron nan ya sa duk lokacin da aka ambaci kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, layi ɗaya kawai muke dubawa, wato namu. Sauran shafukan mun bar wa 'yan kwangila. A ganinmu wannan asara ce, domin ko aiwatar da hukuncin kotun ya yi tafiyar hawainiya ko ya yi sauri, kuɗin yana nan ana raba shi kowane wata. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma a cikinsa akwai wani ɗan kaso da sunan kula da muhalli. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora musu gina magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara, kula da lambuna da filayen shaƙatawa, da sa hannu a ilimin firamare da bunƙasa noma. Ke nan abin da muke nema ba alfarma ba ce, aikinsu ne a rubuce. A cikinmu nan, wa ya taɓa ganin takardar da ta nuna inda kason muhallin nan ya shiga?

Manyan shirye-shirye dai ba su yi ƙaranci ba. Akwai shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka da ya ratsa jihohi 11 na arewacin ƙasar nan. Akwai dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a 2021. Akwai shirin farfaɗo da ƙasa na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 a jihohin arewa 19 da Abuja. Allah ya sa su amfane mu. Amma daga ofisoshinsu zuwa bakin katangar makarantarmu tafiya ce mai nisa, ofishin ciyaman kuwa da babur ake zuwa.

Abin da aka fi yi mana a matakin ƙaramar hukuma shi ne bikin dashe. A kafa rumfa, a jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya dasa ɗan itace guda, a zuba masa ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto. A raba wa makarantu dashe ɗari-ɗari, wani lokaci ma a ƙarshen damina, a watse. Babu kuɗin shinge, babu ruwa, babu wanda aka ɗora wa alhaki. Kaka ta yi a saki dabbobi, awaki su yi kalaci. Abin da ya tsira daga bakin akuya ya gamu da hutun makaranta da zafin bazara. Baɗi a sake kafa rumfar a wuri guda, har ramukan bara ma ba a sake haƙa su. Kuɗin rumfa da lemo da man motocin rakiya, da an ba mutum biyu su yi ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu, da yanzu yara na cin tara a inuwa. Dasa itace aikin rabin sa'a ne. Rayar da shi kuwa sai an yi rani biyu ana ɗawainiya, kuma wannan ɗawainiyar ce ba a taɓa sa wa kuɗi.

Mu dubi 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka ɗauki dabarar da suke kira sassabin zamani, wadda wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa ta. Ba dashe suke yi ba. Kututturen da ke tohowa a gona, wanda a da ake sassabe shi a ƙone, shi ake bari, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a yanke sauran, a riƙa yi masa aski yana tashi. Saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ya neman ban ruwa. Da haka gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ya ba gero rana da taki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Sirrin abin shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai ci moriyarsa. Nan gida ma, mutanen kwarin Haɗejiya sun daɗe suna shiga ruwa da lauje da adda suna aikin gayya, suna cire kacala da ta toshe hanyoyin kogi. Ƙarfi da niyya akwai su. Abin da ke karya gwiwar irin waɗannan mutane shi ne kuɗin kayan aiki, kwale-kwale da abincin ranar gayya, wanda bai kai na tayoyin motar ofis ba.

Saboda haka abin da muke roƙon reshe ya ɗauka ya kai gaban majalisar kansiloli shi ne a buɗe layi na musamman a kasafin kuɗi, ko da kashi 1 cikin 100 ne na abin da ya rage bayan an biya albashi. Mun ce bayan an biya albashi, kuma muna so a rubuta shi haka a takardar, kada wata rana a ce an yanke mana don a sayi dashe. Kuɗin kuma kada ya bi ta hannun ɗan kwangila. A ba kwamitocin kula da makarantu, waɗanda a cikinsu akwai mai unguwa da iyaye mata da hedimasta, da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na mazaɓu, su kawo abin da suke so su yi da bakinsu. Wata unguwa matsalarta kwalbati ce da leda ta toshe, wata kwazazzabo ne ke cin bayan aji, wata layin darbejiya take so ta gabas don ya tare guguwa. Ba sakatariya ce za ta zaɓa musu ba.

Sharaɗin da muka fi ba muhimmanci shi ne na biya. A ba da rabi a farko, sauran rabin sai watan Mayu, bayan malamin daji ya zo ya ƙirga abin da ke raye a gaban jama'a. A liƙa takardar a ƙofar makaranta: ga abin da aka karɓa, ga abin da aka saya, ga itatuwan da suka tsira. Muna sane cewa kwamiti ma mutane ne, kuma kuɗi kan raba aminai. Amma satar da za a yi a gaban idon unguwa ta fi wadda ake yi cikin fayil wahala.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Kada wannan ya zama ƙarin kaya a kan malami ko a kan yara. Mun san yadda ake yi: a kawo shiri, a ce malam ya kula, a ce kowane ɗalibi ya zo da galan na ruwa daga gida, a garin da uwarsa ke sayen jarka daga 'yan garuwa. Wannan ba mu yarda da shi ba. Yaro zai iya auna tsawon itacensa da rula ya rubuta a littafi, wannan darasin kimiyya ne. Jigilar ruwa kuwa aiki ne, a ɗauki matashin unguwa a biya shi. Makarantar da famfonta na tuƙa-tuƙa ya lalace, a fara da gyaransa kafin a kawo mata dashe ko guda.

Ba za mu je gaban kansiloli da baki kawai ba. Muna roƙon kowane hedimasta, kafin taronmu na gaba, ya kawo wa sakataren reshe takarda mai shafi ɗaya: azuzuwa nawa iska ta yaye cikin shekara uku da suka wuce, kwana nawa aka rufe makaranta saboda ruwa, itatuwa nawa aka kawo masa kuma nawa ke tsaye, da nisan da ke tsakanin makarantar da ruwa mafi kusa. Ana haɗa kasafin baɗi ne a watannin ƙarshen shekara, saboda haka takardun su iso kafin ƙarshen Oktoba.