Haske da Balagar Kaji a Gidajen Birni



A cikin ganuwar Kano, daga Dala zuwa Gwale, gidaje da yawa suna kiwon kaji a tsakar gida ko a saman bene. Ana kula da abincinsu, ana yi musu rigakafi, amma an bar maganar haske a baya, kuma wannan sakaci yana cin jarin talaka.

Tsawon yini ne ke sanar da jikin dabbobi da yawa lokacin hayayyafa. A Turai, aladen daji sun fi barbara idan yini ya gajarta. Kaji kuwa, idan haske ya daɗe, ƙwaƙwalwarsu kan sa a saki sinadaran haihuwa cikin jini. Sinadaran nan ne ke sa sagara ta fara ƙwai, ɗan zakara kuma ya balaga ya soma cara.

A Kano yini ba ya wuce awa 13 ko a tsakiyar damina, alhali kazar ƙwai tana buƙatar haske na kimanin awa 16. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ta isa ta cike giɓin.

Sai dai a yi hattara. Wanda ya ƙara wa 'yan tsaki haske kafin su kai kimanin mako 18, zai sa su fara ƙwai jikinsu bai ƙosa ba, ƙwan ya fito ƙanana, kajin su wahala.

Don haka, masu kiwo, ku tsayar da lokacin kunna fitila da na kashe ta, kuma ku nemi shawarar likitan dabbobi.