Mu San Abin Da Muke Saye A Kasuwar Gwal



Yau maganarmu a kan kayan ado ce: sarƙa, zobe, warwaro da 'yan kunne. Iyaye mata, masu haɗa lefe, da ku nake.

Abu na farko, gwal suna ya tara. Tsantsar gwal shi ne mai karat 24. Mai karat 18 kuwa, kashi uku cikin huɗu ne gwal, sauran wasu ƙarafa ne. Akwai kuma wanda ruwan gwal kawai aka shafa masa. Wannan yana koɗewa, kuma ba ya tada kuɗi ranar da buƙata ta taso.

Abu na biyu, murjani. Na gaske daga teku ake samo shi. Amma na roba da na gilashi ma ja ne kamarsa.

Don haka ku tambaya kafin ku biya. Ku tambayi karat, ku tambayi nauyi. A auna a gabanku, a ba ku rasit.

'Yan kasuwa, ku kira kowane kaya da sunansa na gaskiya. Amana ita ce jarinku.

Mu kwana lafiya.