Bargon ƙyallaye: yadda ake haɗa shi da allura kafin sanyi ya shigo

Wannan shi ne jawabin da malamar ɗinki ta yi a zauren mata na sansanin Minawao. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta iya karatu ta taimaka ta karanta wa maƙwabciyarta.

 Masu goyo ku matso nan inuwa, akwai wuri.

Wannan bargon da na shimfiɗa a tabarma, keke bai taɓa shi ba. Allura ce da zare da ƙyallayen da teloli ke sharewa da yamma. Na kawo shi yau ne don kun san abin da ke tafe. Daga Disamba zuwa Janairu, in iskar hunturu ta sauko daga duwatsun nan, asuba ba ta da daɗi. Yara huɗu suna jan bargo ɗaya, ƙaramin ne kullum ke kwana a waje, da safe a tashi da tari. Wadda ta fara yanzu za ta gama kafin lokacin.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura siririya, gajeriya. Ku ajiye basilla don ɗinkin buhu, tana yaga yadi. Zare kowane iri ya yi in dai ba ya tsinkewa idan kin ja shi da hannu biyu, amma na fi son ruwan toka, domin yana ɓacewa a cikin kowace kala. Kada ki yanko zare ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Na san ana ƙyuyar zura allura, sai a jawo dogo, shi kuma ya yi ta ƙullewa yana cin kansa a cikin yadi. Ki goga shi a kan kakin zuma ko guntun kyandir, zai yi santsi. Yatsan da ke tura allura kuma ki ɗaura masa guntun fata, dukawa suna zubar da irinsa. Almakashi in kin samu, ki ɓoye shi daga yara, kuma kada ki yanka kwali da shi; rana ɗaya zai dakushe.

Kafin ki yanka komai, ki wanke ƙyallen. Bargona na farko ban wanke ba, ina ɗoki. Na yi wata guda ina ɗinki, wankin farko jan atamfa ya zuba a kan fararen duka, ya koma kamar an yanka kaza a kai. Ja da shuɗi su ne masu wannan halin. Ki jiƙa su dabam, ki goga farin ƙyalle a kai. In ya ɗauki kala, a sake wankewa. Wankin kuma yana sa sabon yadi ya gama tsukewarsa tun kafin a ɗinke shi. Tsohon zani ki ɗaga shi a rana: inda haske ke ratsawa sosai ya mutu, ki yanke ki yar. Kuma a haɗa jinsi da jinsi. Atamfa da atamfa, ko da yadin makaranta. Leshi da rigar da ke miƙewa kamar roba ba sa zama lafiya da atamfa.

Yanzu ma'auni, kuma a nan nake so ku buɗe kunne, domin a nan aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Ki ari rular ɗan makaranta, ki yanka murabba'i na kwali, santimita 10 kowane gefe. Kwali yana cinyewa a kusurwa bayan an zagaya shi sau da yawa, saboda haka in kin samu fasasshiyar jarka, yanko daga jikinta ya fi daɗewa. Ki ɗora shi a bayan yadi, ki zagaya da fensir. In yadin mai duhu ne, siririn guntun sabulun da ya kusa ƙarewa yana zana layi fari tas, kuma wanki ya tafi da shi. Wannan layin da kika zana, a kansa za ki yi ɗinki, ba a kansa za ki yanka ba. Yanka yana waje da shi, ki bar kamar milimita 6, wato kusan kaurin fensir, a kowane gefe. In kin rage, bakin ya zare. In ya ɗan fi haka ba laifi.

Abu ɗaya kuma: ja yadin da hannu. Ta tsaye da ta kwance ba ya miƙewa sosai, amma ta kusurwa yana miƙewa. Ki daidaita ma'auninki da tafiyar zaren saƙar. Shi ya sa nake cewa masu koyo su bar mai kusurwa uku tukuna, dogon gefensa yana faɗawa a wajen da ke miƙewa, sai ki ga bargon ya yi tudu da kwari.

Ɗauki guda biyu, fuska ta kalli fuska. Soka fil a kusurwar layi, ki duba ta baya ko ya fito daidai a kusurwar ɗayan. In babu fil, wata allurar ta yi. Fara daga kusurwar layin, ba daga bakin yadi ba. Ƙulli ƙarami, ki koma baya taki ɗaya, sannan ki riƙa ɗora taki uku ko huɗu a kan allura kafin ki ja. Kowane taki kada ya wuce ƙwayar dawa. Duk sanda kika ja zaren, ki sake komawa baya taki ɗaya. Amfaninsa shi ne, ranar da yaro ya ja bargo zare ya tsinke, ɓarakar za ta tsaya a nan, ba za ta bi layin duka ba. Kada ki ja da ƙarfi har ya tattare. Shafa shi da babban yatsa ya kwanta. A ƙarshe taki biyu a wuri ɗaya, ki yanke. Bakin da ya rage a baya ki kwantar da shi wajen yadi mai duhu, da farce ko bayan cokali, ba sai an hura gawayin dutsen guga ba.

Uku a jere, jeri uku, tara ke nan, faɗinsa santimita 30. Irin wannan guda 12 suna ba da bargon yaro, 90 a faɗi, 120 a tsawo. Murabba'i 108 ke nan. Kada adadin ya tsorata ku: mai tara ɗaya a yini, bayan an sauke tukunya, kwana 12 an gama fuskar. Sai ki shimfiɗa zani a ƙasa, tsohon bargo ko zannuwa biyu da suka gaji a tsakiya, fuskar a sama. Ki kama su da manyan taki daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bi da layukan ɗinki, tazarar yatsu huɗu. Bakin zanin ƙasa ki naɗo shi sama ki dalle.

Wata ta ce mini makon jiya ita ba ta da rula, ba ta da almakashi. Akwai hanyarki. A jihar Karnataka ta Indiya akwai mutanen da ake kira Siddi, kakanninsu daga Afirka aka kai su. Matansu suna yin bargo mai suna kawandi ba tare da ma'auni ba. Sai su shimfiɗa tsohon zane, su fara daga gefe, su lanƙwasa bakin kowane ƙyalle ciki, su ɗora wani a kan wani, suna ɗinkewa suna zagayawa har su iso tsakiya. Babba da ƙarami duk yana shiga. Ni dai a ganina wannan ya fi sauri, amma ya fi cin zare.

Na ji kuma ana cewa bargon faci tonon asiri ne, wai kowa zai san ba ka da shi. To, mu a nan wa zai yi wa wani dariya? Amma ku ji wannan. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa bargo da tsofaffin wandunan aikin gona don maganin sanyi. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen nuna zane a Houston da New York, a 2006 aka buga hotunansu a kan sarkin wasiƙa. Ban ce namu zai je can ba. Amma mai tsabtar ɗinki, wanda kalolinsa suka zauna, ba zai rasa mai tayawa a kasuwar Mokolo ba.

Akwai maganar da sai na yi ta a hankali. Wasunmu akwai zanin da suka fito da shi daga gida a jikinsu, ko na mahaifiya, ko na 'yar da ba ta iso ba. Kada kowa ya matsa miki ki yanka shi, ko da kalarsa ce ta dace. In kina so ya shiga bargon, ki sa shi a ƙasa ɗungurungum, ba tare da almakashi ya taɓa shi ba. In kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki mayar da shi cikin jaka. Ƙyalle ba ya ƙarewa.

Masu yara masu rarrafe, ku ƙirga alluranku da fil kafin ku fara da bayan kun gama, ku soke su a guntun tsumma a sama, ba a bakin zani ba. Bargon nan kuma auduga ne, a nisanta shi da kaskon wuta da dare.

Zama na gaba kowa ta zo da ƙyallenta wankakke, busasshe, da kwali ko fasasshiyar jarka. Masu almakashi su zo da shi, za mu yi yanka a nan tare. Iyayenmu da ido ya yi rauni ku zo ku ma. 'Yan mata za su zura muku allura, ku kuma ku zaɓa mana kala.