Layi Biyu a Jikin Roba: Gwaji da Rigakafin Sankarar Jinin Kyanwa



Na ga wasu sun yi murmushi da aka faɗi taken laccar nan, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙasar da ake fama da ciwon huhun shanu, wa ke ta kyanwa? To, daga Dambatta zuwa Bichi, daga Makoɗa zuwa Kunchi, gona a jikin gona take, gida a jikin gida, ko'ina ga rumbun gero da dawa. Mai gadin rumbun nan da ba a biyan sa ko sisi, ai mage ce. Kusancin gidajen ne kuma ke sa muzuru ɗaya ya zaga unguwa uku a dare guda, ya yi faɗa nan, ya lashi kasko can.

A 1964 William Jarrett na Jami'ar Glasgow ya gano ƙwayar bairos mai haddasa sankarar jini a jikin kyanwa. Tana bin miyau ne galibi: lasar juna, cizo, ci a kasko ɗaya, sai kuma daga uwa zuwa 'ya'ya, a ciki ko ta nono. Ba ta kama mutum. In ta yi ƙarfi sai ta shiga ɓargo, jini ya ƙare, dasashi ya yi fari fat, garkuwar jiki ta rushe, mage ta yi ta ramewa.

Gwajin gaggawa wata 'yar roba ce da ake ɗiga wa jini, cikin minti goma layi ya fito. Abin da take nema wani sinadarin jikin ƙwayar ne mai suna p27. Ɗalibai, a nan nake so ku nutsu. Robar nan tambaya ɗaya take amsawa: akwai sinadarin a jini yau? Magen da ta kamu shekaranjiya za ta fito lafiya lau, domin yakan ɗauki kamar kwana 30 kafin ya bayyana. Wata kuma yau ya nuna, bayan 'yan makonni jikinta ya danne cutar, layin ya ɓace, alhali ƙwayar na kwance a ɓoye. Wannan sai gwajin PCR ke tono ta, shi kuwa sai babban ɗakin bincike.

Ga wani lissafi, misali ne kawai na kawo. A ce mage 1,000, masu cutar 20. A ce robar na yi wa lafiyayyu biyu cikin ɗari ƙazafi. Cikin lafiyayyu 980, kusan 20 za ta ce suna da ita. Kun ga cikin kimanin 40 da layi ya nuna, rabi ƙarya aka yi musu, kuma robar ba jabu ba ce. Duk inda cuta ta yi ƙaranci haka lissafin ke juyewa. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda. Ban ga dalilin da likitan dabbobi zai yi ba. Na taɓa ganin maigidan da ya sa aka kai magensa daji aka yar saboda gwaji ɗaya, kafin damina ɓeraye sun yi masa ɓarna a rumbu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya dace shi ne a ware magen, a ba ta kaskonta, a sake gwaji bayan wata guda, in da hali da wani nau'in gwajin daban.

Rigakafin kuwa ya fara shiga kasuwa a Amurka a 1985. Ana yi wa 'yar kyanwa daga mako takwas, a maimaita bayan mako uku ko huɗu, a ƙara bayan shekara. Yana kare mafi yawa, ba duka ba, kuma ba ya yi wa wadda ta riga ta kamu komai, shi ya sa gwaji ke gaba da allura. Ba ya sa gwajin p27 ya nuna layin ƙarya. A 1991 likitoci a Pensilbaniya suka lura da wata muguwar sankara, jefi-jefi, a gurbin allura. Daga baya aka koma yin wannan allurar a can ƙasan ƙafar baya ta hagu, don in ta ɓaci a iya yanke ƙafar a ceci rai.

Matsalarmu a nan zafi ne. Ana ajiye rigakafin tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ga wuta ba tabbas. Kwalbar da ta wuni a aljihun mai babur, ruwa ne kawai ka saya da tsada. Robar gwajin ma tana da iyakar zafin da aka rubuta a kwalinta. Ku riƙa karantawa.

In manomi ya ce kuɗin allura ɗaya gare shi, zan ce ya fara da ta haukan kare, domin mage na ɗaukar wannan, ta ciji yaro, kuma in alamu suka bayyana sai dai addu'a. Sankarar jini kuwa ƙwayarta ba ta jimre bushewa, sabulu ma na kashe ta. A wanke kasko, a shanya a rana, baƙuwar mage kuma a killace ta wata guda kafin ta haɗu da 'yan ƙanana, su ne suka fi saurin kamuwa.