Kafin ka ɗaure kayanka: zancen ritaya a ƙetaren iyaka

Zancen namu na yau saƙon wani dattijo ne ya jawo shi, ma'aikacin gwamnati a Najeriya wanda saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Ya ce ya gaji. Zaɓe shida ya bi layi, kuma kowane karo mai buhun kuɗi ne ke wucewa, don haka in ya karɓi haƙƙinsa Maraɗi zai dawo, ko ya wuce Kumasi inda ƙanensa yake. Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa da kai nake magana, kai mai irin wannan tunani.

Ba zan ce maka gajiyar taka ba ta da dalili ba. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Na zauna na buga lissafi: mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 kafin ya sayi takardar kawai. Dokar zaɓe ta wannan shekarar ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har biliyan 5, na gwamna biliyan 1. Wannan fa wanda doka ta sani ke nan, ban da abin da ake rabawa daliget da dare. Wanda ya zuba irin wannan jari, ai ka san sai ya fanshe, kuma daga asusun da ake biyanka yake fanshewa.

Har a Amurka ana wannan kuka, musamman tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni ƙofar zuba kuɗi a yaƙin zaɓe ba iyaka. Wasu tsofaffinsu kan tattara su koma Meziko ko Fotugal, wasu baƙar fata har Gana. Sai dai shi Ba'amurke dala yake ɗauka ya tafi inda rayuwa ta fi araha. Kai kuwa, Baba, naira za ka riƙo.

A nan nake so mu daɗe, don nan ne mutane ke faɗawa rami. Fanshonka da naira za a riƙa biyanka, a bankin Najeriya, amma hayar gida da buhun hatsi da kuɗin magani a Maraɗi da sefa ne. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ƴan kai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube. A 2019 jika ɗaya wajen naira 600 ce. A 2024 ta haura 2,000. Ka tambayi ƴan canji a Ɗan Isa, su ne shaida. Wato wanda ya ƙaura a 2019 yana taƙama da fanshonsa, ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba, alhali bai yi laifin komai ba. Saboda haka in za ka yi lissafi, kada ka yi da canjin yau. Ka raba abin da kake tsammani biyu, ka ga ko rabin zai riƙe ka da iyali. In bai riƙe ba, to sai da wata sana'a da za ta kawo maka sefa a nan.

Sannan ka san wane tsari kake ciki. In kana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wadda ake cire maka kashi 8 mai aiki ya ƙara kashi 10, kuɗinka na hannun kamfanin fansho. Za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyanka wata-wata. Ka je ofishinsu tun yanzu ka tambaya nawa ne a dunƙule, nawa ne a wata, a rubuta maka. In kuma tsohon tsari ne na jiha, ka san halin tantancewa: ana iya kiranka ka bayyana da kanka, wanda bai zo ba a tsayar da nasa. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar safiya ce, amma daga Kumasi fa? Kuma kar ka manta an rufe wannan iyakar tun daga Agustan 2023 har Maris na 2024. Ni da idona na ga tsofaffi suna bin hanyar daji a bayan babur don su je su ciro ƴan kuɗinsu.

Takardu kuma. Mun saba cewa Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, kuma gaskiya ne a wajen biki da zumunci. A wajen jandarma ba haka ba ne. Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a wannan watan aka tsaurara dokar shiga da zaman baƙi. Ko a Gana da ke cikin ƙungiyar, kwana 90 ne kake da su ba biza, bayan nan sai izinin zama. Kakanninmu na zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka bar gidaje da shaguna. Najeriya ma ta yi nata a 1983. In za ka sayi fili, ka saya da takardar hukuma da sunanka, ba da sunan ɗan'uwa ba, komai yardarku.

To, ita siyasar da kake gudu fa? Ni a nan aka haife ni, na ga ana raba turmin atamfa da sukari da jika-jika lokacin kamfe. Yanzu soja ke mulki tun Yulin 2023, an kuma rushe jam'iyyu a Maris na 2025, don haka ba za ka ji hayaniyar zaɓe ba, amma ba za ka ga akwati ba. A Gana, a farkon 2023, ƴan fansho ne suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi saboda gwamnati ta taɓa ajiyarsu, har da tsohuwar babbar jojin ƙasar, Sophia Akuffo. Kuma duk inda ka je baƙo ne kai, ba ka da ƙuri'a, bakinka ma sai ka auna shi. In hutun kunne kake nema, za ka samu. Ni dai a ganina wannan shi ne kaɗai abin da ƙaura za ta ba ka a wannan fanni.

Shawarata, kada ka sayar da gidanka. Ka zo ka kama haya wata uku, kuma ka zo a bazara lokacin da zafi da tsadar hatsi suka haɗu, ba bayan girbi ba. Ka je asibiti ka tambayi kuɗin maganin hawan jini ko na sukari da kake sha, don inshorar lafiyarka ta can ba ta ƙetare iyaka. Ka zauna da Hajiya ka ji ta bakinta, ita ce za ta bar maƙwabtan shekara talatin, kai ko majalisa za ka samu cikin mako guda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo wanda ya yi wannan ƙaura shekara shida da suka wuce, ya faɗa mana nawa yake kashewa a wata. Ku aiko da tambayoyinku kafin Laraba.