Lissafi Ɗaya, Amsa Uku



Da yawanku kuna rubuta manhajar da ke kwaikwayon al'amura a kwamfuta, watau irin su yanayi, ko ambaliya, ko haɗuwar sinadarai. Kun kuwa san wannan takaici: manhaja ta ci gwaji a kwamfutarka mai Windows, ka kai ta kan Linux ta faɗi, alhali ko wasali ba ka sāke ba. Akasarinmu sai mu ɗora wa na'ura laifi mu wuce. To, ruwa ba ya tsami banza.

A shekarar 2019 masu binciken sinadarai na Jami'ar Hawaii a Amurka sun yi aiki da wata manhaja ta Python wadda aka wallafa tun 2014. Lissafi ɗaya suka ba ta, amma Windows 10 ta ce 173.2, Ubuntu ta ce 172.4, macOS Mojave kuwa 172.7. Da aka bi diddigi, ashe manhajar ta ɗauka cewa kullum a jere za a miƙo mata fayiloli, alhali kowace babbar manhaja da irin nata jerin. Sai ta riƙa haɗa bayanan wannan fayil da na wancan. Gyaran bai wuce a umarce ta ta jera su da kanta ba, amma shekara biyar kuskuren yana kwance, masana suna dogara da ita.

Har ila yau akwai matsalar ɓurɓushin lamba. Kwamfuta ba ta iya riƙe 0.1 daidai, kuma hanyoyin lissafin da ke cikin Windows da Linux sukan saɓa a lambar ƙarshe. Kada ku raina wannan. A 1961 Edward Lorenz ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 a kwaikwayonsa na yanayi, sakamakon ya kauce gaba ɗaya.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Ku gwada aikinku a kan babbar manhaja fiye da ɗaya. Ku ƙayyade tazarar da gwaji zai lamunta tsakanin amsoshi, ku kuma bayyana dalili. Sannan idan gwaji ya faɗi, kada ku share shi don ku huta. Ku bincika, domin wata rana a kan lissafinku za a gina gada ko a haɗa magani.